Gida Shi Ne Makarantar Fari

Ya kai mai karatu, ga shi Allah ya nufe ka da koyon karatu bayan ka girma. Ka san wahalar da ka sha. Ka tuna yadda ka kan taso daga gona ko daga kasuwa, jiki ya mutu, ido yana neman barci, ka zauna kana fama da baƙaƙe har suka saba da kai. Ba shakka ka taɓa cewa a ranka, "Da ma tun ina yaro na sami wannan abu." To, naka ya riga ya wuce, amma na 'ya'yanka yana hannunka. Wannan ɗan littafi zai nuna maka abin da za ka yi musu tun ba su isa shiga makaranta ba, ba kuwa sai ka kashe ko kwabo ba.

Mutane da yawa suna tsammani ilmi yana farawa ne ran da aka kai yaro gaban malami. Sai ka ji suna cewa, "Ai yaro ne, bai san kome ba, a bari ya yi wayo tukuna." Wannan kuskure ne babba. Yaron da aka kai makaranta yana da shekara shida ya riga ya yi shekara shida yana koyo a gida, ko an lura ko ba a lura ba. Abin da ya zo da shi daga gida, a kansa malami zai yi gini.

1. Abin da ke gudana cikin kan yaro

Likitoci sun auna ƙwaƙwalwar ɗan Adam, sun ga yadda ta ke girma. Ran da aka haifi jariri, nauyin ƙwaƙwalwarsa wajen rubu'in ta babban mutum ne. In ya shekara biyu ta kai wajen kashi uku cikin huɗu. Kafin ya cika shekara shida ta kai wajen kashi tara cikin goma. Watau ke nan, galibin ginin ana yinsa ne a shekarun da mu ke cewa yaro bai san kome ba.

Cikin ƙwaƙwalwa akwai waɗansu ƙananan jijiyoyi masu ɗimbin yawa, suna haɗuwa da juna kamar hanyoyin da ke tsakanin ƙauyuka. Ka san halin turba. Wadda a ke bi kullum ta kan buɗe ta yi faɗi, wadda aka daina bi kuwa ciyawa ta kan rufe ta. Haka abin ya ke a kan yaro. Duk abin da ya ji, ko ya gani, ko ya taɓa, yana buɗe masa turba. In an maimaita sai ta tabbata. Saboda haka ne Hausawa suka ce icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

2. Magana ita ce tushe

Jariri yana jin sauti tun yana ciki, a watannin ƙarshe. Shi ya sa ya kan shaida muryar uwa tasa tun kwanakin farko. Yawancin yara su kan faɗi kalmar fari wajen shekara guda, su kan haɗa kalma biyu wajen shekara biyu. Amma tun kafin yaro ya iya faɗi, yana ta tara kalmomi a cikinsa, kamar yadda manomi ke zuba hatsi a rumbu kafin ranar buƙata.

Dubi mace mai goyo. Tana daka, tana tankaɗe, ta je rijiya, ta shiga barka, duk yaro yana bayanta yana ji yana kallo. In ta riƙa yi masa magana tana cewa, "Ga turmi, ga taɓarya, ka ji akuya tana kuka," to tana karantar da shi ke nan, ko ita ba ta iya karatu ba.

Abin da ya fi amfani shi ne amsawa. In jariri ya yi gwaranci, a amsa masa, sa'an nan a dakata ya sake. In ya nuna kaza da yatsa, a ce, "I, kaza ce, ga 'yan tsakinta." Da haka ya ke gane cewa magana ba da karɓa ce, kuma ko wane abu yana da suna. Yaron da ya san kalmomi da yawa, in ya zo karatu ba ya shan wuya, gama abin da ya haɗa da baƙaƙe ya riga ya san ma'anarsa. Kai ma ka ga haka a ajinku. Kalmar da ka sani ka kan karanta ta nan da nan, baƙuwa kuwa sai ta tsai da kai.

3. Kunya da tambaya

Yanzu zan taɓo wani abu mai nauyi, sai ka yi mini haƙuri. A al'adarmu uba yana jin kunyar ɗan fari. Ba ya kiran sunansa, ba ya wasa da shi a gaban mutane. Haka kuma mun saba yaro ba ya sa baki in manya suna magana. Kunya ado ce, ladabi kuwa abin so ne, ba na ce a yar da su ba. Amma mutanen da sun san yaro ba ya rayuwa ba mai yi masa hira, don haka suka ba shi kakanni. Kaka ita ce abokiyar wasan jika, tana kiransa mijinta, tana tsokanarsa yana ramawa. A wurinta ya ke koyon zance.

To, yau magidanta da yawa sun bar gidan gandu, sun kama haya a birni, ba kaka, ba gwaggo, ba kawu. In uba ya riƙe kunyarsa, uwa kuma aiki ya sha kanta, wa zai yi wa yaron nan magana? Sai ka duba gidanka. In babu tsoho kusa, aikin tsoho ya faɗo a kanka. Kana iya kiran yaro da sunan da a ke sakaya masa, ka zaunar da shi kusa da kai cikin gida inda ba baƙo, ku yi hira.

In ya dame ka da tambaya, kada ka kore shi. Yaro ɗan shekara uku ko huɗu ba ya gajiya da cewa, "Mene ne wannan? Don me?" Alamar lafiyar hankali ke nan. In ka san amsa ka ba shi a taƙaice. In ba ka sani ba ka ce, "Bari mu tambayi wane." In kuwa lokacin bai dace ba, ka ce, "Bari baƙi su tafi," sa'an nan ka cika alkawari. Yaron da a ke tsawata wa duk sa'ad da ya yi tambaya, in ya je aji ba zai ɗaga hannu ba, ko bai gane ba. Matambayi kuwa ba ya ɓata.

4. Tatsuniya da kacici-kacici

Kada ka rena tatsuniya. In dare ya yi, tsohuwa ta ce, "Ga ta nan, ga ta nan ku," yara suka ce, "Ta zo mu ji ta," makaranta ta zauna ke nan. Yaro yana koyon zama wuri ɗaya ya kasa kunne. Yana koyon riƙe labari daga farko har ƙarshe, ya san abin da ya fara faruwa da abin da ya biyo baya. Yana koyon auna hali, ya ga inda wayon Gizo ya fisshe shi da inda kwaɗayin Kura ya kai ta. Waɗannan duka su ne abin da mai karatu ke bukata in ya buɗe littafi.

Tatsuniyoyinmu suna da yawa ƙwarai. Wani Bature, Frank Edgar, ya tattara su a rubuce har littafi uku, aka buga tsakanin 1911 da 1913. Amma wadda ke bakin uwarka ta fi ta takarda daɗi a kunnen jikanta. In an gama, ka ce wa yaro ya maimaita wa ƙanensa gobe. Kada ka gyara masa ko wace kalma, bar shi ya kai ƙarshe.

Kacici-kacici kuwa wasa ƙwaƙwalwa ne. In aka ce, "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya," sai yaro ya yi ta juya abin a ransa har ya gano tsintsiya ce. Ya koyi kwatanta abu da abu ke nan. Haka karin magana mai karya harshe, wadda yara ke gasar faɗi da sauri, tana horar da kunne ya rarrabe ka da ƙa, da da ɗa. Ka tuna yadda baƙaƙen nan masu lanƙwasa suka ba ka wuya.

5. Lissafi a tsakar gida da kasuwa

Ni mai rubuta wannan na yi shekaru ina aikin akawu, kullum cikin alƙaluma. Amma ba a aji na fara lissafi ba. Kakata tana sayar da ƙuli-ƙuli, ta kan sa ni in kasa mata shi biyar biyar a kan faifai. In na yi kuskure sai ta yi dariya ta ce, "Maigida, za ka karya mini jari." Ran da malami ya zo koya mana jadawalin biyar, sai na tarar na san shi a yatsuna tun tuni.

Gidanka cike ya ke da irin wannan. In awaki sun dawo da yamma, ka sa yaro ya ƙidaya su, ka tambaye shi, "Da safe nawa suka fita? Saura nawa?" In ana awon hatsi, ya riƙa ƙirga mudu. In an sayo ƙosai guda shida, yara uku, ka bar shi ya raba. In kun je gona ran shuka, ya bi sawunka yana zuba iri, ka nuna masa bambancin gero da dawa da maiwa, ka gaya masa sunayen itatuwa, wannan kuka, wancan ɗorawa, wancan gawo mai zub da ganye da damina. Ka koya masa lokatan shekara, bazara da damina da kaka da hunturu, da aikin ko wanne.

Wata masaniya daga Amurka, Enid Schildkrout, ta zauna a birnin Kano cikin shekarun 1970 tana nazarin aikin yara. Ta ga su ne ƙafafun matan kulle, su ke kai saƙo gida gida, su sayo, su sayar, su kawo canji. Lalle aike yana koya wa yaro riƙe magana da sanin kuɗi da gaisuwa. Amma a nan akwai haɗari. Aiken da ke cikin unguwa, na ɗan lokaci, horo ne. Tallan da zai hana yarinya zuwa makaranta, ya kai ta tasha har dare, wannan ci da ita ne, ribar yau hasarar gobe. 'Ya mace ƙwaƙwalwarta ɗaya ce da ta ɗa namiji, ita ce kuma za ta zama malamar fari ga jikokinka.

6. Wasa aikin yaro ne

In ka ga yaro yana fere kara yana haɗa mota, ko yana gina saniya da laka, kada ka ce ɓarna ya ke yi. Yana auna tsawo, yana gwada abin da zai tsaya da abin da zai faɗi, yana kuma ƙarfafa yatsun da za su riƙe alƙalami. Yarinya mai 'yar tsana da tuwon ƙasa tana kwaikwayon zaman gida, tana magana da bakin uwa da bakin 'ya. Carafke yana haɗa ido da hannu da ƙidaya. Langa tana koya wa yaro bin ƙa'ida da haƙuri in an ka da shi. In ya ƙara girma ya zauna kusa da masu dara, zai koyi yin tunani kafin ya motsa hannu. Duk kayan wasan nan kuwa kyauta ne.

7. Abin da aka gwada a Jamaika

Wataƙila ka ce wannan duk zance ne. To, an gwada shi an gani. Jamaika wani tsibiri ne a yammacin duniya, kusa da Amurka, yawancin mutanensa kuwa asalinsu Afirka ne. A 1986 da 1987 wata likita, Sally Grantham-McGregor, da abokan aikinta suka zaɓi yara 129 a unguwannin matalauta na babban birnin ƙasar. Yaran suna tsakanin wata 9 da wata 24, dukansu kuwa sun tsumbure saboda ƙarancin abinci.

Aka kasa su kashi huɗu. Kashi ɗaya aka riƙa ba su madara. Kashi na biyu ma'aikaciyar lafiya ta riƙa zuwa gidansu sau ɗaya a mako, ta yi sa'a guda tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da ɗanta, ta yi masa magana, ta yabe shi, da kayan wasa na haɗin gida. Kashi na uku suka sami duka biyu. Na huɗu kuwa duba lafiya kaɗai aka yi musu. Aka yi shekara biyu ana haka, sa'an nan aka daina.

Bayan wajen shekara ashirin aka nemo yaran nan, sun zama manya. A 2014 aka bayyana abin da aka samu. Waɗanda aka koya wa iyayensu wasa da hira, abin da su ke samu a wurin aiki ya fi na waɗanda ba a yi wa ba da wajen rubu'i. Ka lura, ba makaranta aka gina musu ba, ba kuma kuɗi aka raba ba. Uwa aka nuna wa abin da za ta yi a tsakar gidanta.

8. Da wane harshe?

Waɗansu iyaye suna ganin in ana so yaro ya yi ilmi, sai a hana shi Hausa, a riƙa jefa masa guntun Turanci. Kada ka bi wannan. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da mutanensa na Jami'ar Ife suka fara wani gwaji. Aka karantar da waɗansu yara da Yarbanci shekara shida na firamare, Turanci kuwa aka koya musu shi a matsayin darasi guda. Da aka jarraba su, ba su gaza sauran yara a Turanci ba, a waɗansu darussa ma sun fi su. Dalili shi ne, yaro yana tunani da harshen da ya fi sani. Ka ba ɗanka Hausa cikakkiya, mai yawan kalmomi da karin magana. A kanta zai ɗora Larabci da Turanci ko Faransanci.

9. Unguwa duka malamai ne

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yaro yana koyo a wurin yayyensa, gama su ke goyonsa su ke wasa da shi, saboda haka abin da ka koya wa babba ya kan gangaro wa ƙarami. Yana koyo a ƙofar maƙeri da ta maɗinki da ta majemi, in an bar shi ya tsaya ya yi kallo. Yana koyon gaisuwa da sanin dangi a wurin suna da biki. A makarantar allo kuma, ban da karatun addini, yana koyon babbaƙu da farfaru, watau ya gane cewa alamar da aka zana da tawada tana da sauti. Wanda ya gane wannan ya sami mabuɗin ko wane irin rubutu. Ka riƙa tambayarsa inda ya tsaya, ka saurari abin da ya biya, ka kuma san malaminsa ido da ido.

10. Abubuwa uku masu rushe gini

Na fari yunwa da cuta. Ƙwaƙwalwa nama ce, da abinci ta ke girma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba jariri nono zalla wata shida, sa'an nan a ƙara masa abinci ana ci gaba da nono har shekara biyu. Ka kula da kunun yaye, a sa masa gyaɗa ko wake ko ƙwai in da hali. A kai shi rigakafi, ya kwana cikin gidan sauro.

Na biyu tsoro. Yaron da kullum ya ke jiran bulala hankalinsa yana kan bulala, ba ya kan abin da a ke koya masa. Kwaɓa tana da wurinta, amma in ya yi daidai ka yaba masa da baki, ka ce, "Madalla."

Na uku wayar hannu. Iyaye da yawa su kan miƙa wa yaro waya don ya yi shiru. A 2019 hukumar nan ta ba da shawara kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba gaban waya ko talabijin, ɗan shekara biyu zuwa huɗu kuwa kada ya wuce sa'a guda a yini. Waya tana magana, amma ba ta jira yaro ya amsa. Kai ma in ka shigo gida ka ajiye taka na ɗan lokaci.

11. Kai da littafinka

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Yaro yana kwaikwayon abin da ya ga ubansa yana yi fiye da abin da ya ji yana faɗi. Yanzu da ka iya karatu, kada ka ɓoye littafinka cikin akwati. Ka karanta a inda yara za su gan ka. Ka ɗora ƙaramin a cinya, ka bi layi da yatsa, ka karanta da ƙarfi. Ko kana tuntuɓe ba kome, shi ba ya ganin tuntuɓenka. In ka sami Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda aka fara bugawa a 1937, ka karanta musu labari guda, ka tsaya a tsakiya ka ce, "Me ku ke tsammani zai faru?" In babu littafi, akwai rubutu a jikin buhu da kwali da allon shago. Ka share ƙasa, ka rubuta sunan yaro da tsinke, ka ba shi tsinken ya kwaikwaya.

Ka kuma gaya wa maiɗakinka abin da ka karanta a nan, gama ita ce ta fi ka daɗewa tare da su. In akwai ajin manya na mata a garinku, ka bar ta ta shiga.

Ba a ce ka bar sana'arka ka zama malami ba. Abin da a ke nema ɗan lokaci ne kullum, ko gwargwadon abin da ka kan yi a bakin mai shayi. Da yayyafi kogi kan cika. Yau da dare in an ci tuwo, ka kira yaronka ka tambaye shi abin da ya gani yau, ka yi shiru ka ji amsarsa har ƙarshe. Gobe ka sake.

Allah ya raya mana su, ya sa su fi mu sani. Amin.